Pontiac GTO, 1964 zuwa 1974: Abin da Alƙaluman Ƙarfin Inji Suke Faɗa da Abin da Suke Ɓoyewa

Idan mutum ya jera takardun tallan Pontiac GTO na shekara goma sha ɗaya da aka yi ana ƙera ta a zagayen farko, zai ga alƙaluman ƙarfin inji suna hawa sannan su ruguzo: ƙarfin doki 325 a 1964, 370 a 1969, 250 a 1972, sai kuma 200 a 1974. Wanda ya tsaya a nan zai yanke hukuncin cewa motar ta yi ƙarfi, ta kai ƙololuwa, daga baya ta rasa kusan rabin ƙarfinta cikin shekara biyar. Akwai gaskiya a cikin wannan hukunci, amma gaskiyar ba ta cika ba, domin waɗannan lambobi ba da mudu ɗaya aka auna su ba, wasunsu ma kamfanin da gangan ya rage su, kuma motoci biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya za su iya bambanta kamar doki da jaki gwargwadon abin da mai saye ya zaɓa a takardar oda tun kafin a haɗa motar a masana'anta. GTO ce ta fi dacewa a yi wannan bayani da ita, saboda ita ake ɗauka a matsayin wadda ta buɗe kasuwar motocin da Amurkawa ke kira muscle car, wato matsakaiciyar mota mai araha da aka cusa wa injin babbar mota.

Asalin motar ma dabara ce ta kauce wa doka. A farkon 1963 kamfanin General Motors, uwar Pontiac, ya hana rassansa shiga tseren motoci, kuma yana da wata ƙa'ida ta cikin gida da ta ce matsakaiciyar mota ba za ta fito da injin da ya wuce inci kubik 330 ba. John DeLorean, wanda yake babban injiniyan Pontiac a lokacin, da abokan aikinsa Bill Collins da Russ Gee, sun lura cewa ƙa'idar tana magana ne a kan injin da mota ke zuwa da shi a asali, ba ta rufe ƙofar kayan ƙari ba. Sai suka mayar da GTO wani ƙunshin kayan zaɓi a kan matsakaiciyar motarsu Tempest LeMans, wanda kuɗinsa bai kai dala 300 ba, a cikinsa kuwa akwai inji mai silinda takwas na inci kubik 389, kimanin lita 6.4. Domin mai karatu ya kwatanta, wannan ya ninka injin Peugeot 504 mai lita biyu fiye da sau uku. An yi hasashen sayar da guda 5,000, sai aka sayar da 32,450. Sunan kansa aro ne daga Ferrari 250 GTO, abin da ya ɓata wa masu son motocin Turai rai ƙwarai.

A wannan shekara ta farko inji iri biyu ne. Na asali yana da kafireto ɗaya mai baki huɗu, an rubuta masa ƙarfin doki 325. Na biyu, wanda ake kira Tri-Power, yana da kafireto uku a jere, kowanne mai baki biyu, an rubuta masa 348. Yadda yake aiki shi ne, a tuƙi na yau da kullum kafireton tsakiya kaɗai ke shayar da injin, sai direba ya danne totur sannan na gaba da na baya su buɗe, injin ya yi wata irin zuƙar iska mai ƙara wadda har yau masu tara waɗannan motoci suke biyan kuɗi domin su ji. A 1965 an gyara hanyoyin shigar iska, alƙaluman suka koma 335 da 360, a 1966 kuma GTO ta zama mota mai cin gashin kanta, ta sayar da 96,946, adadin da ba ta sake kaiwa ba.

Tun daga nan ya kamata mai kwatance ya fara taka-tsantsan da sakamakon gwaje-gwajen mujallu. A watan Maris na 1964 mujallar Car and Driver ta buga cewa GTO ta tashi daga tsaye zuwa gudun mil 60 a awa, kimanin kilomita 97, cikin daƙiƙa 4.6, lambar da ta yi wa motar talla fiye da duk wani kuɗin da Pontiac ta kashe. Shekaru da yawa bayan haka Jim Wangers, mutumin da ke kula da tallan Pontiac, ya amsa cewa a motar da aka gwada an saka inji mai inci kubik 421 a maimakon 389, kuma an bi ta hannun dilan Royal Pontiac da ke Michigan an ƙara gyara shi. Abin da ya sa yaudarar ta yi aiki shi ne, injunan Pontiac masu silinda takwas na wancan zamani, ƙanana da manya, girman jikinsu daga waje ɗaya ne, bambancin yana cikin faɗin silinda da tsawon tafiyar fistin, don haka buɗe bonet kaɗai ba ya tona asiri. Sauran mujallun da suka gwada motocin da ba a taɓa ba sun sami tsakanin daƙiƙa shida da rabi zuwa kusan takwas.

Shekarar 1967 ta zo da sauyi uku masu nauyi. General Motors ta hana saka kafireto fiye da ɗaya a matsakaitan motocinta, don haka Tri-Power ya tafi, aka maye gurbinsa da kafireton Rochester Quadrajet guda ɗaya, injin kuma aka faɗaɗa shi zuwa inci kubik 400, kimanin lita 6.6. Giyabos ɗin atomatik mai giya biyu ya ba wa Turbo-Hydramatic mai giya uku wuri, kuma aka fara samun birkin faifai a gaba ga wanda ya biya. A takarda injuna huɗu ne: mai tsimin mai da ke da 255, na asali mai 335, HO (High Output, wato mai ƙarin ƙarfi) mai 360, da Ram Air wanda shi ma aka rubuta masa 360. Waɗannan biyu na ƙarshe su ne darasi na farko game da alƙaluman kamfani. Ram Air yana da kamshaf mai buɗe bawul na tsawon lokaci, yana shaƙar iska mai sanyi daga ƙofofin da ke saman bonet a maimakon iska mai zafi ta cikin ɗakin inji, kuma yana kai ƙololuwar ƙarfinsa a juyi mafi yawa, amma duk da haka lambarsa ɗaya da HO. Kwanon da ke haɗa kafireto da bonet ɗin ma a but ɗin motar ake sako shi daga masana'anta, dila ne ke ɗaurawa.

Dalilin wannan rowar lamba ba boyayye ba ne. General Motors tana da wata ƙa'ida da ta ce kada ƙarfin dokin da aka tallata ya wuce ɗaya a kan kowane fam goma na nauyin mota, kamfanonin inshora kuma sun fara duba waɗannan lambobi suna ɗora wa matasa kuɗi mai yawa, hukumomin tsere su ma da lambar kamfani suke raba motoci rukuni-rukuni, don haka ƙaramar lamba tana jefa mota cikin rukunin da za ta yi nasara. Hujja mafi bayyana tana cikin gidan Pontiac kanta: a 1969 injin Ram Air IV an rubuta masa 370 a cikin GTO, amma a cikin Firebird, wadda ta fi ta rashin nauyi, an rubuta masa 345. Kamfani ba ya bukatar yin ƙarya kai tsaye kafin ya yi haka, ya isa ya faɗi ƙarfin da injin ke bayarwa a wani juyi da bai kai ƙololuwa ba.

A ganina 1969 ce shekarar da ta fi nuna yadda lamba ke ruɗar mai saye. Ram Air III yana da 366, Ram Air IV yana da 370, bambancin doki huɗu kacal, wanda kowane mai hankali zai ce bai cancanci ƙarin kuɗi ba. A cikin ƙarfe kuwa injuna ne daban. Ram Air IV yana da kawunan silinda masu zagayayyun hanyoyin fitar hayaƙi, da bututun shigar iska na alminiyam, da kamshaf mai zafi wanda ke ɗaga bawul sama sosai. Sakamakon shi ne injin yana numfashi da kyau a juyi mai yawa, amma idan motar tana tsaye yana girgiza kamar zai mutu, a cunkoson cikin gari kuma ba shi da daɗin sha'ani. Ba a haɗa shi da na'urar sanyaya mota, kuma dole ya zo da aksul mai gajeren zango. Ram Air III kuwa injin da mutum zai iya zuwa aiki da shi ne kullum. Shi ne ya zo a matsayin injin asali a cikin The Judge, ƙunshin ado da ƙarfi na dala 332 da Pontiac ta fito da shi a shekarar, mai fenti ruwan lemo mai haske a farkon fitowarsa da fiffike a bayan but, wanda aka sayar da guda 6,833. Abin lura shi ne, an fara tunanin Judge ne a matsayin mota mai araha da za ta kara da Plymouth Road Runner, wadda ta fito a 1968 da farashin da bai kai dala 3,000 ba, amma a ƙarshe sai ta fi GTO ta yau da kullum tsada.

Tun da an ambaci aksul, ya kamata a tsaya a kansa, domin babu wani zaɓi a takardar oda da ya fi shi sauya halin mota, kuma shi ne abin da masu kwatanta shekaru suka fi mantawa da shi. Lambar aksul tana nufin sau nawa furofela za ta juya kafin tayar baya ta juya sau ɗaya. Pontiac ta sayar da GTO da lambobi daga 2.56 har zuwa 4.33. Mota mai 4.33, wato gajeren aksul, tana fizga daga tsaye kamar an harbo ta, amma a babban titi injinta yana kururuwa, yana shan mai, yana zafi, kuma iyakar gudunta tana zuwa da wuri. Mota mai 2.56 ko 2.93 tana tafiya doguwar hanya cikin natsuwa, amma a tseren kwatan mil, wanda shi ne ma'aunin da Amurkawa suka fi yarda da shi, za a bar ta a baya ko da injinta ya yi daidai da na abokiyar karawarta. Ram Air na 1967 ba a sayar da shi sai da 4.33, saboda haka duk wanda ya kwatanta lokacinsa da na HO mai 3.23 yana auna aksul ne tare da inji ba tare da ya sani ba. Wanda ya zaɓi na'urar sanyaya mota kuma, kamfanin yakan hana shi gajerun aksul ɗin domin kada injin ya yi zafi. A gefe guda akwai Safe-T-Track, wanda ke hana taya ɗaya ta riƙa juyawa ita kaɗai tana hayaƙi alhali ɗayar tana tsaye; a kan siraran tayoyin wancan zamani, rashinsa yana nufin rabin ƙarfin injin ya tafi a ƙona roba.

Giyabos shi ma haka. Motar asali tana zuwa da giya uku ta hannu, mai kuɗi ya ƙara ya sami Muncie mai giya huɗu, wadda ita ma iri biyu ce: mai tazara mai faɗi tsakanin giyoyi, da mai tazara matsattsiya wadda ba ta da amfani sai an haɗa ta da gajeren aksul. GTO ta 1964 zuwa 1966 mai atomatik ɗin giya biyu tana da rauni a tashi idan aka kwatanta da 'yar'uwarta ta hannu, giɓin da Turbo-Hydramatic ya kusan rufewa daga 1967. Birki kuwa nan ne abin kunyar shekarun farko, domin GTO ta 1964 ta fito da birkin dirom mai inci tara da rabi, irin wanda ke jikin Tempest mai silinda shida, kuma bayan an taka shi da ƙarfi sau biyu ko uku a jere sai ya yi zafi ya daina kamawa yadda ya kamata. Akwai zaɓin takalman birki masu ƙarfe a kan kuɗi kaɗan, amma mai saye ne zai san ya nema.

A 1970 General Motors ta janye iyakar inci kubik 400 da ta ɗora wa matsakaitan motoci a madadin ta 330, kowane reshe ya fito da babban injinsa. Chevrolet ta saka 454 a Chevelle, wanda samfurinsa LS6 aka rubuta masa 450. Oldsmobile ta ba 442 W-30 inji 455 mai 370. Buick ta fito da GS 455 Stage 1 mai 360. Pontiac ma ta kawo nata 455, kimanin lita 7.5, shi ma 360. Kodayake uku daga cikinsu suna ɗauke da lamba 455, injuna ne daban-daban da kowane reshe ya ƙera da kansa, lambar kawai suka haɗa. Na Buick ya yi suna a tseren kwatan mil fiye da yadda 360 ɗinsa ke nunawa, na Pontiac kuwa an ɗauko shi ne daga manyan motocin kamfanin, ba a yi masa kawunan Ram Air IV ba, don haka duk da girmansa bai fi ƙaramin Ram Air IV sauri ba. Abin da yake da shi shi ne ƙarfin murɗawa, fam-ƙafa 500, wanda ke zuwa tun injin bai yi juyi mai yawa ba. A sauƙaƙe, ƙarfin murɗawa shi ne abin da ke manna bayan direba da kujera idan ya taɓa totur a cikin gari, ƙarfin doki kuwa shi ne wannan murɗawar idan aka haɗa ta da yawan juyi, kuma shi ke yanke hukunci a ƙarshen dogon tsere. Mai son atomatik da na'urar sanyaya mota 455 ne nasa. Mai zuwa filin tsere ranar Asabar Ram Air IV ne nasa.

Saura kuma batun faɗuwar alƙaluma, wanda abubuwa biyu ne daban da suka faru a shekaru biyu a jere, mutane suke cakuɗa su. Na farko faɗuwa ce ta gaske. A 1970 Amurka ta yi dokar tsabtace iska, shugaban General Motors Ed Cole kuma ya ba da umarnin cewa daga motocin 1971 duk injunan kamfanin su iya aiki da fetur mai ƙarancin dalma, domin share hanya ga na'urar tace hayaƙi da za ta zo a 1975, wadda dalma ke lalatawa. Fetur maras dalma na lokacin ba ya jure matsi mai yawa, sai ya kama da wuta kafin fulogi ya ba shi tartsatsi, injin ya riƙa ƙwanƙwasa. Saboda haka aka rage matsin injin 400 daga 10.25 zuwa 8.2, ƙarfinsa ya sauko daga 350 zuwa 300, Ram Air III da IV kuma suka ɓace gaba ɗaya.

Na biyu sauyin mudu ne kawai. Kafin 1972 ana auna inji ne tsirara a kan teburin gwaji, ba tare da salansa ko matatar iska ko sauran kayan da ke jan ƙarfi daga jikinsa ba, an kuma daidaita masa wuta da mai yadda zai ba da mafi yawa. Daga 1972 aka koma auna shi cikin kayansa, kamar yadda yake zaune a cikin mota. Sa'ar da mai bincike ya yi ita ce a 1971 an buga lambobin biyu tare. Injin 400 na shekarar yana da 300 a awon tsirara, 255 a awon cikin kaya, a 1972 kuma aka rubuta 250. Wanda ya ga 300 ta koma 250 zai ce doki hamsin sun tafi, alhali biyar ne suka tafi. Haka nan 455 HO na 1971 yana da 335 a tsohon awo da 310 a sabo, sai 300 a 1972. Wannan inji ya cancanci a yi masa adalci, domin shi ne ya gaji zagayayyun hanyoyin hayaƙi da bututun alminiyam na Ram Air IV aka ɗora su a kan babban jiki, kuma tazarar doki 25 kacal tsakanin awonsa biyu tana sa mutum ya yi zargin cewa 335 ɗin ma an yi mata rowa. Ni dai ina ganin yana cikin injuna biyu ko uku mafi kyau da GTO ta taɓa samu, sai dai ya zo a lokacin da masu saye suka watse. Ciniki ya faɗo daga 72,287 a 1969 zuwa 40,149 a 1970, zuwa 10,532 a 1971, kuma kuɗin inshora ya taka rawa a wannan faɗuwar tun kafin a taɓa matsin inji.

Shekaru ukun ƙarshe ba su bukatar dogon bayani. A 1972 GTO ta koma ƙunshin zaɓi a kan LeMans kamar yadda ta fara, aka sayar da 5,807. A 1973 ta sami sabon jiki mai nauyi da injin 400 mai 230, injin Super Duty 455 da aka yi shelar za ta samu kuma ya tafi Firebird shi kaɗai. A 1974, bayan takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa, aka mayar da sunan kan ƙaramar Ventura, 'yar'uwar Chevrolet Nova, da inji 350 mai doki 200 a sabon awo. An sayar da 7,058, fiye da kowace ɗaya cikin shekaru biyun da suka gabata, duk da haka aka rufe babin.

Yau da waɗannan motoci suka zama kayan tarihi da ake gwanjonsu, duk wannan lissafi ya koma kan takarda. Daga 1966 zuwa 1971 lambar jikin GTO ta gaske tana farawa da 242, amma ta 1964 da 1965 ba ta da wata alama a lambar da ke raba ta da LeMans, tunda a wajen kamfanin LeMans ce da aka yi wa ƙari. Lambar 242 ɗin ma ba ta faɗin wace ce Judge ko wace ce ta fito da Ram Air IV. Tun da injunan Pontiac kamanninsu ɗaya daga waje, kuma tambari da fenti da fiffike duk ana sayar da sababbi, an daɗe ana ɗaukar LeMans ko GTO ta talaka a yi mata ado a sayar da ita da sunan babba. Abin da masu saye ke dogaro da shi shi ne kwafin takardar cinikin masana'anta da Pontiac Historic Services ke bayarwa idan aka aika da lambar mota, wadda ke jera kowane zaɓi da aka ɗaura ranar da aka haɗa ta, sannan su duba lambobin da aka buga a jikin inji da giyabos da aksul su ga ko sun dace da takardar da kuma ranakun ƙira. Judge mai buɗaɗɗen rufi ta 1971, alal misali, guda 17 kacal aka ƙera kafin a dakatar da ita a tsakiyar shekarar, dukkansu da 455 HO, kuma duk wadda ta fito kasuwa da wannan suna, takardar ce ake fara nema kafin a ɗaga bonet.